Ranar da Aka Cinye Tsiyar Gidanmu

Tebur ɗaya ne a fulat ɗinmu na unguwar Satwa a Dubai, kuma ba na kowa ba ne. Mun tarar da shi a falo ranar da muka tare, ƙafarsa ɗaya gajera an tokare ta da kwali. Ɗakuna uku ne a gidan. Ni da Umma da Baba muna ɗaya, an raba mana shi da katako. Wasu ma'aikatan jinya 'yan Filifin suna ɗaya, amma takalmansu kawai muka sani, don ko suna asibiti ko suna barci. Na ukun na Hanum ne, wata dattijuwa 'yar Iran mai ɗinkin labule. Tsawonta bai wuce na ƙaramin firji ba, amma in ta ɗaga murya mutanen Sharja, garin da ke maƙwabtaka da mu, ma sai sun juyo. Hanum ba sunanta ba ne, haka ake ce wa uwargida da yarensu. Ita ma ba ta taɓa kiran Umma da sunanta ba. "Najeriya" take ce mata, kamar Umma ce ƙasar gaba ɗaya.

Gabar tasu daga daddawa ta faro. Umma abincin sayarwa take yi, tuwo da miyar kuka da dambu da alale, Baba ya kwashi kulolin da safe ya sauke wa 'yan kasuwar Kano a unguwar Dera kafin ya wuce wurin aikinsa na kago, inda ake aika kaya gida. Ranar farko da Umma ta jefa daddawa a tukunya, Hanum ta fito da gyale a hanci tana leƙa ƙarƙashin kujeru, wai ɓera ya mutu. Umma ba ta yafe ba. Hanum da Turanci take yi mana magana, Turancin Umma kuma na ciniki ne, Larabcin Hanum kuwa bai wuce "yalla" da "halas" ba, don haka ni ce tafinta. Duk baƙar maganar da ta ratsa falon nan ta bakina ta bi, in na ji ta yi lami kuma nakan ƙara mata gishiri. Su biyun sun sani, ba wadda ta taɓa hana ni.

Bara Umma ta cika shekara arba'in, ta ce za ta yi bazday. Baba ya ajiye cokali ya dube ta kamar ta ce za ta shiga wasan ƙwallo.

"Ke da girmanki?"

"Da girman nawa," in ji Umma. "Wane suna aka yi a garin nan ban dafa ba? Wace walima? Yaron da bai san hannun damansa ba a yi masa kek mai hawa uku, ni ina kicin ina cin ƙanzo a tsaye. To sau ɗaya a rayuwata zan sa leshi, in zauna a kan tebur, a zuba mini abinci a kawo mini. Ko ba a kawo mini komai ba a zo a gan ni a zaune."

Ranar ita ce ashirin da ɗaya ga Maris, haka fasfonta ya ce. Ta gayyaci matan 'yan kasuwar da take yi wa girki, har da Babbar Hajiya, wadda in ta yi atishawa a Dubai sai an ce mata alhamdulillahi daga kasuwar Kwari.

A daidai wannan lokacin Hanum ta fara noma. Ta jiƙa alkama a faranti, ta rufe da tsumma, ta ajiye a taga tana yayyafa mata ruwa safe da yamma. Muka yi ta dariya. Umma ta ce in tambaye ta ko za ta buƙaci taki, akwai ragowar daddawa. Alkamar ta tsiro, ta yi kore shar, ta miƙe tsaye kamar askin soja. Hanum ta ɗaura mata jan ƙyalle a ƙugu.

Wata Litinin na dawo daga makaranta na tarar da Umma a ƙofar falo ta dafe ƙirji. An shimfiɗa wa teburin farin mayafi. A kansa ga madubi, ga kyandir biyu, ga tafarnuwa, ga tuffa, ga ruwan khal a ɗan kofi, ga wani jan gari, ga wani abu kamar kunun da ya kwana, ga ƙwai an yi musu fenti, ga tsabar kuɗi a tasa. Ga jan kifi ɗaya yana zagaye a kwalba. Farantin ciyawar nan yana tsakiya kamar ango. A gefe kuma ga Alƙur'ani, abin da ya fi ɗaure wa Umma kai ke nan.

"Tambaye ta," in ji Umma, "wa take so ta kashe?"

Hanum ta ce sabuwar shekararsu ce, Nauruz, ranar da sanyi yake ƙarewa bazara ta shigo. Ta ce haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma teburin zai zauna a haka har kwana goma sha uku bayan shigar shekara.

"Wane sanyi? A Dubai? Gaya mata ranar ashirin da ɗaya ina da baƙi."

"Gaya wa Najeriya baƙinta su zauna a ƙasa. Ai na ga a ƙasa suke cin abinci."

"Gaya mata in matan Kano suka ga madubi da ƙwai da jan ƙyalle a gidan da ake dafa musu tuwo, na gama sana'a. Cewa za su yi asiri nake zuba musu."

"Gaya mata duk wanda ya ci abin da take sawa a miya bai mutu ba, ƙwai ba zai kashe shi ba."

A wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Babu wurin sawa.

Daga nan aka shiga yaƙin hayaƙi. Hanum ta ƙona wasu 'ya'yan ganye masu tartsatsi a kasko, tana zagaya teburin da su don maganin kambun baka, tana kallon Umma don kada a yi shakkar bakin wa ake nufi. Umma ta fito da kaskonta ta zuba turaren wuta na Maiduguri, irin wanda in aka sa a ɗaki sai tufafin maƙwabta sun ɗauka. Falon ya turnuƙe har kifin ya daina ganin hanya. Ƙararrawar gobara ta kama ihu, mai gadi ya hawo da gudu, 'yan Filifin suka fito a karon farko muka ga fuskokinsu. Ashe ɗaya ma namiji ne.

Ni kuwa a lokacin na kamu da duban taurari. 'Yan ajinmu ne suka koya mini, kowa da burujinsa a waya, kullum da safe a gaya maka abin da zai same ka. Nakan karanta da ƙarfi muna karin kumallo. Umma ta ce haramun ne, duk wanda ya je wurin mai duba sallarsa tana cikin hatsari. Na ce to na daina.

"Ni ban ce ki karanta ba," in ji ta tana yanka albasa. "Ban kuma ce ki daina ba. Kunne ba shi da murfi. Astagfirullah. Me aka ce a nawa?"

Nan matsala ta taso. Ranar haihuwar Umma ta faɗo a kan iyaka ne. Wani shafin ya ce ita burujin Kifi ce, wani ya ce Rago. Na Kifi ya ce: wannan mako na haƙuri ne, ki sassauta, ki bar wa wani abin da kuke ja. Na Rago ya ce: kada ki ja da baya, abin da yake naki ki karɓe shi da ƙarfi.

"Kifi?" Umma ta nuna kwalbar Hanum da wuƙa. "Ni? Irin wancan da yake zagaye ba ya zuwa ko'ina?"

Na ce an ce sai an san lokacin da aka haife ta, da safe ne ko da yamma. Ta ce ba ta yarda da wannan shirme ba, sannan ta ce in kira mata Inna a Kano.

Kafin mu samu layi sai ga Talatar ƙarshen shekarar Hanum. Da magariba ta jera ƙananan kyandira a barandar bayan kicin, ta tattare siket, ta shiga tsallake su ɗaya bayan ɗaya tana rera wani abu. Wai a ƙasarsu wuta ake hurawa a titi a tsallake, ta ɗauke maka cuta ta ba ka lafiya, amma a nan in ka hura wuta a titi ka kwana a hannun 'yan sanda. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tsalle a kan kyandir, wallahi ko kai waye sai ka tsaya kallo. Ta yafito ni. Na tsallake uku, ina kan na huɗu na ji an fizgo ni ta wuyan riga.

"Bautar wuta kuma? A gabana? Don ubanki fita!" in ji Umma.

Hanum ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in gaya wa Najeriya ta zo ta tsallake ko nauyi zai ragu. Na gaya mata. Sai da Baba ya shiga tsakani.

Washegari muka samu Inna, kakata. Na sa wayar a lasifika.

"Ƙawata, kina nan kina cinye musu abinci?" in ji ta. Na ce ina nan, ita fa, haƙoran sun ƙare ko da saura? Umma ta karɓe zancen, ta gaishe ta, ta tambayi kowa da kowa har da akuyar gidan, sannan ta ce, "Inna, wai ni da safe kika haife ni ko da yamma?"

"Da asuba, ana tsuga ruwa. Ungozoma ma sai da aka goyo ta, kwata ta cika."

Umma ta ce, "Ruwa, Inna? A watan Maris?"

"Wane Maris? Tsakiyar damina ce, gero ya fara fitar da kai. Wannan Maris ɗin hedimasta ne ya rubuta ranar da aka kai ku makaranta. Ku goma sha aka kai, duk rana ɗaya ya ba ku. Me ya faru? Ko bizar ce?"

Umma ta ce babu komai, ta yi sallama ta kashe wayar. Ni kuwa dariya ta cika mini ciki har tana fita ta hanci. Na ce ashe ita ba Kifi ba ce ba Rago ba, wataƙila Zaki ce, in duba mata?

Ta juyo a hankali. "In na ji wannan magana a bakin wani, ko a bakin kifin can ne, sai na mayar da ke Kano a kwantena. Inna ta tsufa. Fasfo gwamnati ce ta buga shi. Ni Rago ce."

Ranar bazday ta zo daidai da ranar farko ta shekarar Hanum. Al'adarsu a ranar sai an je gaida manya, ita kuma tana da wata yaya a unguwar Karama. Da hantsi ta ci ado, ta fesa turare, ta tsaya a gaban teburinta ta gyara wa ciyawar ƙyalle. Ta ɗaga wa Umma yatsa ɗaya ta ce, "La!" wato kul, kada a taɓa. Umma ta yi mata murmushi. Ni da na san Umma na san akwai magana a ƙasa.

Ƙofa tana rufewa ta ce, "Yalla, kwashe."

Ita da kanta ta yi alwala ta ɗauke Alƙur'anin, ta ɗora shi a saman kabad ɗinmu. Sauran ta bar mini, ta ce ba za ta taɓa ba. Madubi da kyandira na tura bayan kujera. Ƙwai da tafarnuwa da tuffa na zuba a leda. Kifin na kai banɗaki na ɗora a kan injin wanki. Ciyawar ce ta gagara, ta yi tsawo ba ta shiga ko'ina. Na kwance jan ƙyallen don kada ya ja ido, na ajiye farantin a kicin kusa da latas da tumatir. Ganye a cikin ganye, wa zai kula?

Aka shimfiɗa wa teburin sabuwar atamfa. Aka ɗora kek da lamba arba'in a kansa. Umma ta fito cikin leshi ruwan zuma, ɗaurin kanta ya kusa taɓa fanka. Gaskiya ta yi kyau. Ban taɓa ganin hannunta ba tare da ludayi ba sai ranar, har ta rasa inda za ta ajiye shi.

Bayan azahar mata suka fara shigowa, ana "Masha Allah" ana "Hajiya, ashe ke yarinya ce". Umma ta zauna a kujerar kan tebur, ta miƙe wuya. Babbar Hajiya ce ta zo ƙarshe, da awarwaro har gwiwar hannu. Ita ba ta iya shiga gidan mutum ba ta gyara masa wani abu ba. Ta ce yau mai bazday ba za ta motsa ba, ita za ta zubo abinci da kanta. Umma ta kusa yin kuka don daɗi. Aka aike ni ƙasa in karɓo ƙanƙara a kantin Ba'indiye.

Da na dawo na tarar da babban tire na dambu a tsakiyar tebur, an yi masa ado da wani koren abu yankakke. Babbar Hajiya tana tsaye tana bayani.

"Ku ba ku san wannan ba. Ganyen alkama ne. A Jumera, unguwar masu kuɗi, matse shi ake yi a ɗan kofi, Turawa suna layi. Yana wanke jini, yana rage tumbi. Hajiya, ban san kin waye haka ba, har da shukawa a gida!"

Umma ta dube ni. Na dubi silin. Me za ta ce? Ta ce ba nata ba ne, na tsafin maƙwabciya ne da ta ɓoye? Babbar Hajiya ta zuba mata da hannunta, ta ajiye a gabanta. Mata suka sa cokali. Suna tauna kamar awaki, abin ba ya tauno, amma tunda an ce Turawa suna layi kowa cewa take, "Kai, har na ji jikina ya saki." Wata ta nemi ƙari. Umma kaɗai ce ba ta taɓa nata ba.

Ana cikin haka makulli ya juya.

Hanum ta tsaya a bakin ƙofa da kwalin alewa a hannu. Ta dubi teburin. Ta dubi atamfar. Ta wuce kicin. Ƙarar da ta yi, na tabbata jiragen ruwan da ke bakin teku sun ɗauka alamar tashi ce. Ta fito riƙe da farantin, an aske shi ƙwal, sai saiwa da guntayen kara. Ta dubi tiren, ta dubi bakunan mata, wata ma da koren a haƙori.

"Wace ce wannan?" in ji Babbar Hajiya. "Me take cewa?"

Hanum ta kama hannuna ta tsayar da ni a tsakiyar falo, ta ce in faɗa musu kalma da kalma. Na faɗa. Wannan ciyawa ba ta ci ba ce. Ana shuka ta ne don ta tsotse duk wata tsiya da cuta da baƙin cikin da ke cikin gida. A rana ta goma sha uku a kai ta a jefa a ruwa mai gudu ya tafi da su. Ko taɓa ta baƙo ba ya yi. Hanum ta ce gidan nan kuwa tsiyarsa ba kaɗan ba ce, tunda Najeriya tana ciki, kuma ta gode musu da suka rage mata tafiya bakin ruwa.

Cokula suka zube. Wata ta ce, "Innalillahi!" Wadda ta nemi ƙari ta ruga banɗaki, ta ci karo da kifi a kan injin wanki yana kallonta, ta fito da ihu ta yi tuntuɓe da ledar ƙwai masu fenti. Wata ta ja kujera za ta tashi, madubi da kyandira suka bayyana. Shi ke nan. Duk abin da Umma ta ɓoye ya fito ya gaida baƙi.

"Hajiya," in ji Babbar Hajiya, "shekara nawa muna cin tuwonki?"

"Wallahi ba nawa ba ne! Kuma ke kika yanka, wa ya aike ki?"

"A kicin ɗinki na gani!"

"Kicin ɗin na mutum shida ne!"

Ba wanda ya saurara. Ana neman takalma, ana tofa addu'a a tafin hannu ana shafawa, wata tana tambayar wa ke da zamzam a gida, wata tana kiran mijinta ya nemo man habbatussauda. Lifta ba ta ɗauke su duka ba, sauran suka bi matakala da leshinsu. Ko kek ɗin ba a yanka ba.

Falon ya rage mu uku. Hanum ta shiga tattaro kayanta. Ta ɗauko madubi ta kafa a kan atamfar Umma. Ta jera kyandira. Ta tsince ƙwan da ba su fashe ba. Ta kawo kifin ta ajiye dab da kek. Farantin da aka aske ta dangwarar da shi a gaban Umma, kusa da hannunta. Sannan ta tsaya ta riƙe ƙugu tana jira Umma ta tashi daga kujerar.

Umma ba ta tashi ba. Ta gyara ɗaurinta. Idonta ya yi ja amma ko ɗigo bai zubo ba.

"Wannan ya huce," ta ce da ni, ta ture farantin da Babbar Hajiya ta zuba mata. "Ɗauko faranti mai kyau. Ki zuba mini, ki kawo mini nan."

"Umma, har da ganyen?"

"Har da shi. Ki cika."

Na zuba, na kawo da hannu biyu, na ɗan rusuna na ajiye. Ta yi bisimilla. Ta ɗebi cokali guda, kore ya fi dambun yawa, ta kai baki tana kallon Hanum ido cikin ido. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar.

"Gaya mata," in ji ta, "in tsiyar gidan nan ce, na riga kowa sanin ɗanɗanonta. Kuma ta matsar mini da kifinta, ina cin abinci."

Na gaya mata. Hanum ta ja kujerar ɗaya ƙarshen ta zauna, ta naɗe hannu, ba ta matsar da komai ba. Umma ta ci gaba da ci a hankali, cokali bayan cokali, har ta ga ƙasan farantin, sannan ta miƙo mini shi ta ce in ƙaro.